Cigiyar Mutumin Somerton da Mutuncin Matar da Aka Taka

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya san irin shirun da kan sauka idan aka zo sanarwar cigiya. Za a faɗi sunan wanda ya ɓata da shekarunsa da irin tufafin da ke jikinsa ranar da aka yi masa ganin ƙarshe, sannan a roƙi wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. A gidanmu kakata ce ke tsawatar mana, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno kusa da akwatin rediyon, ta kasa kunne har a gama, alhali kuwa wanda take jiran labarinsa ya yi shekaru masu yawa da barin gari. Wanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya ɗauki sanda da buta ya kama hanyar Makka a ƙasa tun tana budurwa. Sau ɗaya wani fatake ya kawo labarin ya gan shi a ƙasar Cadi, daga nan ko sama ko ƙasa. Gonarsa da ke bayan gari ta daɗe ana nomawa ba wanda ke iya bugun ƙirji ya ce tasa ce, domin a mazhabar Malikiyya da muke bi ba a raba gadon wanda ya ɓata sai an kai shekarun da ake ganin sa'o'insa ba sa wucewa, abin da malamai da yawa suka ƙaddara da shekara 70. Kakata ta rasu ba ta san inda kabarinsa yake ba.

Wannan ne ya sa ba na iya yi wa mutanen da suke raba dare a gaban kwamfuta suna bin diddigin gawarwakin da ba a san masu su ba kallon marasa aikin yi, kamar yadda wasu ke yi musu. Na san nauyin da ke kan gidan da aka rasa mutum ba a ga gawa ba, kuma na san cewa suna guda da za a ɗora a kan kabari yana iya sauke wannan nauyi. Amma na daɗe ina bibiyar wani tsohon al'amari da ya faru a Ostireliya, wanda masu binciken sa-kai suka yi shekaru suna tonawa har suka kai ga suna, kuma abin da na gani a cikinsa ya sa ina da magana a kan yadda ake wannan aiki. Mai neman sunan mamaci yana kan hanya mai kyau matuƙar bai taka mutuncin wani ba kafin ya isa, kuma mafi munin takawar ita ce taɓa nasabar mutane da zato.

Da safiyar 1 ga Disamba 1948 aka tsinci gawar wani mutum a bakin tekun Somerton, kudu maso yamma da birnin Adelaide. Yana kwance a kan rairayi, kansa jingine da katangar da ke tare ruwa, ƙafafunsa a miƙe ya harɗe su, ga karan sigari da ba a kunna ba a kan wuyan kwat ɗinsa. Wata mata da mijinta sun ce sun gan shi a wurin tun da yammacin jiya, har ya ɗaga hannunsa na dama ya sake shi ya faɗi, suka ɗauka bugagge ne suka wuce. Shekarunsa ba su wuce 40 zuwa 45 ba, kayansa masu tsabta, takalmansa a goge. A aljihunsa an sami tikitin jirgin ƙasa da ba a yi amfani da shi ba, da tikitin bas, da mataji, da cingam, da ashana, da kwalin sigari na wani kamfani mai ɗauke da sigarin wani kamfanin daban. Babu jakar kuɗi, babu wata takarda mai suna, kuma an cire duk alamun masu ɗinki da ke jikin tufafinsa. Likitan da ya duba gawar ya tarar saifarsa ta kumbura ta ninka yadda ya kamata kusan sau 3, ya yi zargin guba, amma gwaji bai nuna guba ba. A watan Janairu 1949 aka gano wani akwati da aka ajiye a tashar jirgin ƙasa ta Adelaide kwana ɗaya kafin a tsinci gawar, ba wanda ya dawo karɓa, kuma a jikin wasu kayan da ke ciki an rubuta sunan Keane. 'Yan sanda suka bi sunan ba su sami wani Keane da ya ɓata ba.

Abin da ya mayar da lamarin almara shi ne wata 'yar guntuwar takarda da aka gano daga baya, a naɗe cikin wani ƙaramin aljihu na wandonsa, an buga kalmomi biyu na Farisanci a jikinta: Tamam Shud, wato an gama. Duk wanda ya taɓa karanta waƙar ajami ya ga “tammat” a ƙarshenta zai gane kalmar nan take, domin tushensu ɗaya ne. An yago takardar ne daga shafin ƙarshe na fassarar waƙoƙin Umar Khayyam, littafin da ake kira Rubaiyat, kuma da aka yi cigiya a jaridu sai wani mutum ya kawo kwafin da ya ce ya tsinta a cikin motarsa, shafin ƙarshen a yage. A bayan littafin akwai sawun wasu layuka na haruffa da ba su ba da ma'ana ba, da kuma lambar wayar wata ma'aikaciyar jinya da ke zaune 'yan ɗaruruwan mitoci daga inda aka tsinci gawar. Matar ta ce ba ta san shi ba. Ta ce ta taɓa ba wani hafsan soja irin wannan littafi a Sydney a 1945, aka je aka tarar da hafsan da ransa, littafinsa kuma cikakke ba a yage komai ba. A watan Yuni 1949 aka binne gawar a maƙabartar West Terrace, bayan an zuba filasta an ɗauki siffar kansa da ƙirjinsa, aka kafa dutse aka rubuta cewa nan ne makwancin mutumin da ba a sani ba.

Shekara 73 da wani abu aka yi kafin a ambaci suna da hujja, kuma waɗanda suka ambace shi ba 'yan sanda ba ne. Derek Abbott farfesa ne na injiniyan lantarki a Jami'ar Adelaide, ya ɗauki lamarin a matsayin aikin sha'awa tare da ɗalibansa tun wajen 2009. Colleen Fitzpatrick kuwa Ba'amurkiya ce da ta karanta kimiyyar fiziks, daga baya ta koma bin salsalar mutane ta hanyar ƙwayoyin halitta. Gashin mamacin da ya maƙale a cikin filastar nan tun 1949 shi ne ya ba su abin da suka gwada. Yadda aikin yake ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya san lissafin dangi. Kowane mutum yana ɗaukar rabin ƙwayoyin gadonsa daga uwa, rabi daga uba, saboda haka 'ya'yan wa da ƙani sukan yi tarayya a kusan kashi 1 cikin 8, jikokin wan da ƙanin kuma a kusan kashi 3 cikin 100, haka abin yake raguwa yayin da zumunta ke yin nisa. Idan aka ɗora sakamakon mamaci a rumbun da mutane ke ɗora nasu don neman 'yan uwa, aka sami wanda suka yi tarayya ko da kaɗan ne, sai a hau sama a nemo kakan da ya haɗa su, sannan a gangaro ta takardun haihuwa da na aure da na mutuwa da tsofaffin jaridu, ana cire mutane ɗaya bayan ɗaya, har a iso ga wanda aka ga shigarsa duniya ba a ga fitarsa ba. Sai da suka jera mutum kusan 4,000 a wannan salsala kafin, a watan Yuli 2022, su bayyana cewa mamacin shi ne Carl Webb, wanda ake kira Charles, haifaffen Melbourne a 1905, auta a cikin 'ya'ya 6 na wani mai gasa burodi da ya yi ƙaura daga Jamus. Sana'arsa gyaran kayan lantarki da ƙera na'urori, ya rabu da matarsa a 1947, kuma babu takardar mutuwarsa a ko'ina. Sunan Keane da ya gagari 'yan sanda kuwa, sunan mijin 'yar uwarsa ne. Hukuma ta riga ta tono gawar a watan Mayu 2021 don nata binciken, kuma a lokacin sanarwar 'yan sanda sun ce tabbatarwa ta ƙarshe tana hannun alƙalin binciken musabbabin mutuwa.

Ban ga yadda mai adalci zai raina wannan aiki ba. Watanni kaɗan bayan sanarwar, dangin mutumin suka fito da tsofaffin hotunansa, har da wanda ya ɗauka yana saurayi cikin 'yan ƙwallon makarantarsu. Mutumin da duniya ta sani da fuskar filasta ya koma ɗan wani, ƙanin wani, kawun wani. Ba kuma a kansa aka fara ba. A 1968 an tsinci gawar wata mata a naɗe cikin tamfol kusa da garin Georgetown a jihar Kentucky ta Amurka, aka binne ta ba suna. Wani ma'aikacin masana'anta mai suna Todd Matthews, wanda ya auri 'yar mutumin da ya tsinci gawar, ya yi shekaru yana nema, har a 1998 ya ci karo da cigiyar da wata mata ta rubuta a intanet tana neman 'yar uwarta da ta ɓata a ƙarshen 1967. Aka tono gawar aka gwada, ta tabbata Barbara Ann Hackmann Taylor ce, 'yar shekara 24, wadda mijinta ya gaya wa danginta cewa ta gudu da wani namiji. Shekara 30 tana ɗauke da wannan baƙin fenti a cikin kabari kafin wani da bai taɓa ganinta ba ya wanke ta. 'Yan sanda suna da sababbin laifuka a gabansu kullum, jami'in da ya fara bincike yakan yi ritaya ko ya mutu, fayil ya yi ƙura a kabad. Mai sa-kai shi ke da abin da hukuma ba ta da shi, wato lokaci da naci.

To amma mu koma kan ma'aikaciyar jinyar nan, wadda da gangan na ƙi ambaton sunanta, ko da yake ya riga ya cika intanet. Abin da aka tabbatar a kanta bai wuce abu biyu ba: lambar wayarta tana bayan littafin, kuma jami'in da ya nuna mata siffar filasta ya ce ta yi kamar za ta suma. Ta roƙi 'yan sanda kada su saka sunanta a bainar jama'a, suka amince, ta ci gaba da rayuwarta har ta rasu a 2007. A kan waɗannan abubuwa biyu aka gina gini mai hawa-hawa. Zamanin yaƙin cacar baka ne, ga filin gwajin rokoki na Woomera da aka kafa a 1947 a jihar da Adelaide take, sai aka ce mamacin ɗan leƙen asirin Rasha ne, ita kuma abokiyar aikinsa ce. Aka ce ita ta ba shi guba. Daga nan aka gangaro kan ɗanta da ta haifa a 1947, aka ɗauko hotunansa ana auna siffar kunnensa da ta mamacin, ana ƙirga haƙoransa, aka yanke cewa ɗan mamacin ne ba ɗan mijinta ba. An maimaita wannan magana a jaridu da talabijin da shafukan intanet har ta zama kamar abin da kowa ya sani, har ta shiga cikin gidan kanta, wasu daga iyalinta suka fito a talabijin suna cewa su ma suna zaton haka ne. Matar tana kabari, ɗan ma ya rasu a 2009, babu mai iya tashi ya kare kansa.

Da sakamakon gwajin ya fito, sai ya nuna babu wata alaƙar jini tsakanin Carl Webb da zuri'ar wannan mata. Kunnen da aka yi shekaru ana aunawa kama ce kawai irin wadda Allah kan yi tsakanin bayinsa. Babu kuma wata shaida da ta nuna mutumin ya taɓa yi wa wata ƙasa leƙen asiri. Abin da takardu suka nuna shi ne mutum mai kaɗaici wanda aurensa ya lalace, mai rubuta waƙoƙi, mai sha'awar cacar sukuwa, har Abbott ya yi hasashen cewa haruffan nan da masana suka yi ta fama da su wataƙila farkon sunayen dawakai ne. Gaskiyar ta zo ba ado, ba ta kai almarar daɗin ji ba, kuma na lura cewa akwai waɗanda har yau ba su yafe mata wannan ba, suna ta neman hanyar da za su mayar da ɗan leƙen asirinsu. Wannan ya nuna mini cewa a cikin masu binciken akwai waɗanda mamacin ne ya dame su, akwai kuma waɗanda labarin ne ya dame su, kuma na biyun ba sa son a gama.

A wurinmu ba ƙaramin abu ba ne a ce wa mutum ba ɗan ubansa ba ne. Shari'a ta ɗora wa mai jifan mace da zina kawo shaidu 4, idan ya kasa a yi masa bulala 80 kuma a daina karɓar shaidarsa, kuma hikimar wannan tsanani a fili take, domin magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa. Mutanen Ostireliya ba da wannan ma'auni suke rayuwa ba, amma ciwon ɗaya ne a ko'ina. Sanarwar da ta wanke matar ta zo a layi ɗaya ko biyu a ƙasan labarin gano suna, alhali zargin ya yi shekaru yana cin manyan kanun labarai, kuma duk wanda ya rubuta sunanta a injin bincike yau zargin zai fara gani.

Akwai hujjar da za a iya kawo mini, kuma ba na raina ta. Za a ce wannan zato na kuskure shi ne ya riƙe binciken da rai. Abbott da kansa yana cikin waɗanda suka fi yarda da maganar ɗan, neman tabbatar da ita ne ya kai shi ga jikar matar, suka saba har suka yi aure, kuma fatan cewa 'ya'yansa jinin mamacin ne yana cikin abin da ya sa ya dage a tono gawar. Da bai yi zaton ba, wataƙila da bai kai ga gaskiyar ba. Na yarda cewa babu binciken da ake yi ba tare da zato ba, domin shi ne fitilar da ake haska hanya da ita. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne ya kai zatonsa ga gwajin da zai iya ƙaryata shi, da gwajin ya ƙaryata shi kuma ya fito ya faɗa da bakinsa. Amma ko shi ɗin, ina ganin da ya riƙe zaton a cikin littafin aikinsa har sai gwaji ya yi magana, da ba a rasa komai ba sai surutu. Zato a zuci wani abu ne, zato a gaban kyamara da sunan mutum wani abu ne daban, kuma dubban da suka ɗauki maganar suka yaɗa ba su gwada komai ba, ba su kuma dawo sun janye ba.

Idan abin ya shafi masu rai, ɓarnar ta fi sauri. Bayan harin bam da aka kai wurin tseren gudu a birnin Boston a watan Afrilu 2013, masu bincike a shafin Reddit suka ɗauko hoton wani ɗalibin Jami'ar Brown da ya yi wata guda da ɓata, suka ce shi ne ɗaya daga maharan. Iyalin da ke cikin tashin hankalin neman ɗansu suka wayi gari ana kiran wayarsu ana zaginsu. Yaron ba shi da hannu ko kaɗan, kwanaki kaɗan bayan haka aka tsinci gawarsa a ruwa, shafin ya ba da haƙuri bayan aikin gama ya gama.

Akwai kuma wata matsala da ke cikin hanyar salsalar kanta, ko da kowa ya kame bakinsa. Jinin mutum ba nasa ne shi kaɗai ba. Wanda ya tofa yawu a kwalba ya aika kamfani don ya san asalinsa, ya kuma ɗora sakamakon a rumbu irin GEDmatch, ya buɗe ƙofar gidan 'yan uwansa da bai taɓa gani ba, ba tare da ya nemi izininsu ba. Ta wannan rumbu ne a watan Afrilu 2018 aka kama Joseph James DeAngelo, tsohon ɗan sanda mai shekara 72, wanda daga baya ya amsa laifin kashe mutum 13 a jihar Kalifoniya, kuma babu mai hankalin da zai yi baƙin ciki da wannan kamu. Amma a shekarar ce wani bincike da aka buga a mujallar Science ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin 100 na Amurkawa masu asalin Turai ana iya samo musu ɗan uwa na kusa ko na nesa kaɗan a irin waɗannan rumbuna, ko da su ba su taɓa yin gwajin ba. A 2019 masu rumbun suka sauya ƙa'ida, ya zama sai mutum ya amince kafin 'yan sanda su duba nasa, abin da ya nuna su ma sun gane an wuce gona da iri. Mai bin salsalar mutum 4,000 dole ya ci karo da abubuwan da ba su ya fita nema ba: ɗan da aka haifa ba aure, matar da aka ɓoye, yaron riƙo da bai san riƙonsa aka yi ba. Shi kansa Carl Webb, ranar da ya sami sunansa ita ce ranar da duniya ta fara karanta takardun ƙarar da matarsa ta shigar ta neman saki, da duk abin da ta faɗa a kan halinsa. An ba shi suna, an kuma yaye masa rufin asiri a lokaci guda, kuma ban ga dalilin da ya sa na biyun ya zama dole ba.

Abin da nake ganin ya wajaba a kan mai wannan aiki ba shi da yawa. Idan ya kai ga suna, hukuma da iyalin mamacin su ya kamata su fara ji, domin babu abin da ya kai zafin uwa ko 'ya ta ga sunan nata a waya kafin wani ya zo ya zauna ya gaya mata. Sunan duk wanda ake zargi, mai rai ne ko mamaci mai zuri'a, ya tsaya tsakanin mai binciken da waɗanda ke da ikon gwadawa. Abin da ya gani na sirrin gidajen mutane a hanya kuwa amana ce, kamar yadda wanzami ko ungozoma ke ganin abin da ba sa faɗa a kasuwa. Wanda ya ga ba zai iya aikin ba sai da masu kallo suna tafa masa, to ya bincika zuciyarsa ya ga wa yake yi wa aikin.

Wannan magana ba ta yi mana nisa ba. Rumbunan ƙwayoyin halitta cike suke da mutanen Turai da Amurka, namu kaɗan ne a ciki, saboda haka hanyar da ta gano Webb ba za ta yi mana aiki da sauƙi ba tukuna. Amma ɗaya rabin aikin, wato cigiya da bin diddigi ta waya, ya riga ya zama ruwan dare a Facebook da WhatsApp da TikTok, kuma muna da ɓatattu fiye da yadda zuciya za ta ɗauka. Ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta yi rajistar sama da mutum 20,000 da iyalansu ke nema a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, mafi yawansu sanadin rikicin arewa maso gabas, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓata. Ga tsofaffin ɓatattu, waɗanda suka bi hanyar Gwanja fataucin goro, da waɗanda aka kai yaƙin ƙasar Bama (Burma) ba su dawo ba, da dubban da suka kama hanyar hajji a ƙasa suka zauna a Sudan, tun daga jama'ar da suka bi Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 har zuwa masu tafiya ɗaiɗai irin wan kakata. Na ga yadda hoto guda ke haɗa yaro da iyayensa cikin kwana biyu, na kuma ga yadda hoto guda da kalmar “ɓarawon yara” a ƙasansa ke zagaye gari kafin azahar ba wanda ya tambayi wa ya tabbatar.

Ni kaina na ɗanɗana abin da nake magana a kai. 'Yan shekarun baya na rubuta cigiyar wan kakata a wani zaure na Hausawan Sudan, na saka sunansa da na mahaifinsa da na garinmu, da kimanin lokacin da ya tafi, wanda bai yi nisa da lokacin da aka tsinci gawar Somerton ba. Cikin kwana uku amsoshi suka yi yawa. Yawancinsu addu'a ce, Allah ya saka musu da alheri. Wani dattijo ya ce ya san wani tsoho ɗan garinmu da ya zauna a Wad Madani ya rasu ya bar 'ya'ya. Sai kuma wani, wanda ko shekarun mahaifina bai kai ba, ya rubuta da cikakken tabbaci cewa ya ji labarin mutumin, ba hajji ya tafi ba, abin kunya ya yi a gari ya gudu. Bai kawo komai ba sai “an ce”, amma maganarsa ce aka fi ɗauka ana turawa, har ta dawo garinmu ta wayar wani jikan goggona. Da na je gaishe ta na tarar tana zaune a kan tabarma da carbi a hannu, ba ta amsa gaisuwar da sakin fuska kamar yadda ta saba ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, “Ɗan nan, kawuna ka je nema, ko kuwa abin da za a riƙa zaginmu da shi?” Ban sami amsar da zan ba ta ba. A daren na goge cigiyar.

Ban daina neman ba, na dai sauya hanya. Na karɓi lambar dattijon nan na Wad Madani, muka riƙa magana mu biyu, ina yi masa tambaya yana zuwa gidan 'ya'yan tsohon yana tambayowa ba tare da ya ɗaga musu hankali ba. Sunan mahaifi ya yi daidai, sunan unguwa bai yi ba, kuma akwai maganar wani tabo a goshi da goggona ta ce mahaifiyarta takan ambata, wanda dattijon ya yi alkawarin zai tambayi babbar 'yar tsohon idan ta dawo daga ƙauye. Ban gaya wa kowa a gida cewa an same shi ba, domin ba a same shi ba tukuna. Muna cikin haka yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023, jama'ar Khartoum suka kwararo Wad Madani, a watan Disamba kuma yaƙin ya iso garin kansa. Tun daga lokacin lambar dattijon ba ta sake shiga ba. Duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan gwada ta.